Ƙarfen da Aka Dunƙula Daga Gari: Ana Iya Gyara Awonsa Bayan An Gama Ƙera Shi?

Akwai tambayar da take yawan tasowa tsakanin makanikai da masu aikin feƙe ƙarfe, musamman tun da motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai suka cika garejojinmu, wato ko kayan da aka yi ta hanyar dunƙula garin ƙarfe suna karɓar gyaran awo kamar yadda ƙarfen da aka narka aka zuba, ko wanda aka buga da guduma, yake karɓa. Amsa iri biyu aka fi bayarwa. Wasu suna cewa ƙarfe ai ƙarfe ne, duk abin da aka yi wa wancan ana iya yi wa wannan, wasu kuma suna cewa da zarar an taɓa shi da magagari zai marmashe ya koma garin da ya fito daga cikinsa. A ganina duka biyun sun kauce wa gaskiya, kuma kaucewar tana jawo asarar kuɗi da ta inji. Ana iya gyara awon irin wannan ƙarfe, har ma masana'antun da ke yin sa suna da injuna na musamman domin wannan aiki kaɗai, amma gyaran ƙanƙane ne ƙwarai, kuma abin da ke yanke hukunci a kansa shi ne yadda aka yi kayan tun farko.

Dabarar dunƙula gari ya zama ƙarfe ta samo asali ne daga ƙarafan da wutar da ake da ita a lokacin ta kasa narkarwa. Da ita William Wollaston ya sarrafa ƙarfen filatinam a Landan a farkon ƙarni na 19, da ita Rasha ta buga kuɗin filatinam daga 1828 zuwa 1845, kuma da ita William Coolidge na kamfanin General Electric ya samar da zaren tangistan na ƙwan lantarki wajen 1910, domin tangistan ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. A yau kuwa dalilin ya koma na sauƙin kuɗi, domin ana iya buga dubban ƙananan kaya masu siffa ɗaya ba tare da an feƙe ƙarfe an zubar da ɓarɓashinsa ba, kuma masana'antar motoci ce ta fi kowa sayen irin waɗannan kaya.

Yadda ake yin aikin shi ne, ana gauraya garin baƙin ƙarfe, irin wanda kamfanin Höganäs na ƙasar Suwidin ya shahara da samarwa, da ɗan garin jan ƙarfe da na gawayin girafayit da wani abu mai santsi, a zuba a cikin mazubi mai tsananin tauri, sannan a danne shi daga sama da ƙasa da nauyin da ya kai tan 4 zuwa 8 a kan kowace murabba'in santimita. Abin da ke fitowa yana da cikakkiyar siffar kayan, amma ƙarfinsa bai wuce na dunƙulen magi ba, wanda yake riƙe da siffarsa har sai an murza shi da yatsa. Daga nan sai a shigar da shi tanderu mai zafin digiri 1,120 na kimanin rabin awa, a cikin iskar da aka tsare ta daga iskar shaƙa don kada ya yi tsatsa. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, saboda haka ƙwayoyin garin ba narkewa suke yi ba, manne wa juna suke yi a wuraren da suka haɗu har su zama jiki ɗaya. Tsakanin ƙwayoyin kuwa ƙananan kafofi suna nan, ba su cike ba. Idan aka auna ɗan yanki mai tsawon santimita ɗaya, faɗi ɗaya, tsayi ɗaya, na cikakken baƙin ƙarfe zai ba da giram 7.87, amma na gari yakan tsaya tsakanin giram 6.4 da 7.2, wato kusan kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na jikinsa fili ne. Duk maganar gyaran awo a kan waɗannan kafofi take juyawa.

A cikin tanderu awon kayan yana motsawa. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, ƙasa da zafin tanderun, sai ya kutsa tsakanin ƙwayoyin baƙin ƙarfen ya buɗa su, kayan ya ɗan kumbura, alhali ƙarfen nikel yana sa shi ya ɗan tsuke. Canjin ba ya kai kashi 1 cikin ɗari a yawancin lokuta, amma idan aka ce faɗin kaya milimita 50 ne ya motsa da kashi 0.2 cikin ɗari, an sami bambancin milimita 0.1, kwatankwacin kaurin takardar rubutu guda. Ga haƙoran famfon man inji, waɗanda ƙaramar tazara tsakaninsu ke rage ƙarfin tura mai, wannan bambanci babba ne. Bayan haka zobe mai siririn jiki yakan ɗan karkace a kan bel ɗin tanderu ya rasa cikar zagayensa.

Saboda haka ne masana'anta take mayar da kayan cikin wani mazubi na biyu bayan ya huce, a shafa masa mai, a zura sandar awo a cikin raminsa, a sake danne shi. Ƙarfen ya ɗan motsa ya bi bangon mazubin da jikin sandar, ya fito da awon da ake so har zuwa kashi 1 ko 2 cikin ɗari na milimita, fuskarsa kuma ta yi santsi. Abin da ya sa wannan yake yiwuwa cikin sauƙi shi ne kafofin nan, domin ƙarfen da aka danne yana da wurin da zai shiga, ba kamar cikakken ƙarfe ba, wanda idan aka matse shi ta nan dole ya ɓullo ta can. Wannan gyara ya fi tasiri a kan faɗi da zagayen rami, waɗanda bangon mazubi ke tsarewa, fiye da a kan tsayi, wanda ya dogara ga yawan garin da aka zuba tun farko. Idan aka ƙara ƙarfin dannawa, ana iya buga tambari ko ƙaramar siffa a fuskar kayan, a kuma ƙara masa cikar jiki. Akwai ma masu gasa kayan sama-sama a zafin kusan digiri 800, su sake danne shi, sannan su yi masa cikakken gashi, domin nauyin irin ɗan yankin nan mai santimita ɗaya ya kai giram 7.3 zuwa 7.5.

To amma kafofin da suka ba da damar dannawa su ne kuma suka taƙaita ta. Ƙarfen gini na yau da kullum yana iya miƙewa da sama da kashi 20 cikin ɗari kafin ya tsinke, shi kuwa ƙarfen gari sau da yawa ba ya wuce kashi 1 zuwa 3, domin kowace kafa wuri ce da tsaga za ta iya farawa. Ma'anar wannan ita ce yana jure matsi amma ba ya jure ja. Duk wanda ya yi niyyar buɗa zoben gari da tsinke mai tsini don ya ƙara masa faɗi sosai, ko ya miƙar da wanda ya lanƙwashe da guduma, to tsaga zai samu, kuma wata tsagar ba za ta bayyana ga ido ba sai kayan ya shiga aiki. Haka nan lokacin gyaran yana da muhimmanci. Ana yin dannawa ta biyu ne kafin a ƙona kayan a tsoma shi a mai don ya yi tauri, kuma kafin a turara shi da tururi mai zafin sama da digiri 500, wanda ke cika kafofinsa da wani baƙin ɓawo mai tauri. Bayan waɗannan matakai babu sauran dannawa, sai dai a rage shi da dutsen wasa ƙarfe. Ƙarshen wannan hanya shi ne ƙarfen kabayid da ake liƙawa a bakin abin yankan ƙarfe, wanda Karl Schröter ya haɗa a Jamus a 1923 daga garin kabayid ɗin tangistan da na kobal. Shi yana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa a tanderu, don haka ake yi masa duk sassaƙar da za a yi tun yana ɗanye, bayan gashi kuwa dutsen lu'ulu'u ko tartsatsin lantarki ne aka fi gyara shi da su.

Duk wannan a masana'anta ne. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa bayan kayan ya iso hannun mai gyara, kuma kaya biyu ne suka fi shiga wannan hali.

Na farko shi ne bushin tagulla mai shayar da kansa mai, wato zoben da shaf, sandar inji mai juyawa, yake juyawa a cikinsa, wanda ke cikin fankar tebur da ta tsaye, da kik na mota, da motar keken ɗinki. Kamfanin Chrysler ne ya fito da shi a 1930 da sunan Oilite. Ana yin sa da jan ƙarfe kashi 90 da kuza kashi 10, kuma da gangan ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa a matsayin kafofi masu haɗe da juna, sannan a cika su da mai. Idan shaf ya fara juyawa wurin ya yi ɗumi, man yana fitowa ta bakunan kafofin ya shimfiɗu tsakanin ƙarafan biyu, idan inji ya tsaya kuma kafofin su sake tsotse shi. Rayuwar bushin gaba ɗaya tana kan waɗannan bakuna da ke fuskar ramin. Matsalar tana farawa ne lokacin sakawa, domin idan aka tura bushi cikin gidansa da matsi, gidan yana tsuke shi, ramin ya ragu, shaf ya ƙi shiga ko ya shiga da ƙyar. A nan ne hannu ke kaiwa ga abin faɗaɗa rami ko sanfefa da aka naɗe a jikin ƙusa. Abin faɗaɗa ramin da bakinsa ya dakushe ba yanka yake yi ba, shafe tagullar yake yi a kan kafofin ya toshe su, sai ramin ya yi ƙyalli mai ban sha'awa alhali man ya kulle a ciki ba shi da hanyar fita. Sanfefa ta fi muni, domin tsakuwarta tana maƙalewa a cikin kafofin ta zauna tana cin shaf ɗin a hankali. Awo ya yi daidai a ranar, fanka ta juya, mai ita ya biya ya tafi, bayan ɗan lokaci kuma ta fara ƙara da zafi, a ɗora laifin a kan ingancin bushin.

Hanyar da masu yin bushin suke bayarwa tana da sauƙi. A feƙe sanda mai santsi mai kafaɗa, wadda kaurinta ya ɗara na shaf ɗin da ɗan abin da ake so ya zama tazara, wato kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na milimita ga ƙananan injuna irin na fanka, a zura ta cikin bushin kafin a tura shi gidansa, ta yadda idan gidan ya matse shi zai tsuke ne a kan sandar ya ɗauki awonta. Wannan ita ce dannawa ta biyu ta masana'anta, an yi ta a ƙaramin shago, kuma duk mai injin feƙe ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano zai iya yin irin wannan sanda a cikin ɗan lokaci. Idan kuwa yanka ya zama dole, to a yi shi da baki ɗaya mai kaifi sosai, a ɗebe kaɗan-kaɗan, ba tare da ruwan sanyaya ba, sannan a jiƙa bushin a cikin mai mai zafin kusan digiri 80 a bar shi ya huce a ciki don ya sake sha. Wanke shi da fetur yana fitar da mansa, ajiye shi a kan kwali yana sa kwalin ya tsotse man, giris kuma ba ya shiga kafofin. Shi kuwa bushin da ya riga ya cinye ramin ya buɗe, bubbuga shi da guduma don ya tsuke ba ya mayar masa da zagayensa, kuma kuɗin sabo bai kai kuɗin shaf ɗin da zai lalata ba.

Na biyu shi ne konrod, sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, kuma a kansa ne gardamar ta fi zafi. Konrod na gari ya bambanta da duk abin da na ambata a baya, domin bayan an dunƙula shi an gasa shi, ana buga shi da zafinsa a cikin rufaffen mazubi har kafofin su rufe, ya zama kusan cikakken ƙarfe. Masana'antun Japan da Amurka sun rungumi wannan hanya tun shekarun 1980, kuma injin Ford mai lita 4.6 da ya fito a 1991, da injin LS1 na General Motors da ya fito a 1997, duk da irin wannan konrod suka zo. Ƙarfensa yana yankuwa, yana wasuwa, ba ya marmashewa, don haka tsoron da ake yi cewa zai koma gari ba shi da tushe. Wahalar tana wani wuri dabam, wato a yadda aka raba murfin babban kan, wanda ke rungumar karanshaf, da jikin sandar.

A tsohon tsari, da zarto ake yanke murfin, a goge fuskokin biyu su zama a shimfiɗe. Idan inji ya buga, ko metal, wato siririn ɓawon da ke tsakanin konrod da karanshaf, ya juya a cikin gidansa ramin ya zama ƙwai, mai gyara yana rage fuskokin haɗuwar kaɗan da dutse, ya ɗaure murfin, ramin ya tsuke, sannan ya goge shi ya koma zagaye a kan awonsa na asali, a saka metal na yau da kullum. A sabon tsari kuwa ana ƙera konrod ɗin a dunƙule, a yi ƙaramar tsaga a ɓangarori biyu na ramin, a tura wani abu a ciki da ƙarfi har murfin ya ɓalle. Fuskokin da suka karye suna da gargada, kuma tudu da kwarin kowane ɓangare suna shiga na ɗan'uwansa daidai, har idan aka ɗaure su da ƙyar ido ke ganin layin haɗuwar. Wannan gargadar ita ce ke riƙe murfin a mazauninsa, ita ta maye gurbin duk wani abin saiti. Wanda ya goge ta da dutse ko magagari ya cire abin da ke tsayar da murfin, kuma babu hanyar mayar da shi. Ga hujjar da nake ganin ta warware gardamar: akwai konrod na gari da aka yanke murfinsa da zarto, kuma ana gyara shi ta tsohuwar hanya ba tare da matsala ba, akwai kuma konrod na cikakken ƙarfen da aka buga, irin wanda masana'antun Turai suke yawan amfani da shi, da aka karya murfinsa, shi ma ba ya karɓar tsohuwar hanyar. Ashe abin da ya kamata makanike ya duba kafin ya kai konrod wurin gyara shi ne fuskar murfin, a shimfiɗe take ko mai gargada.

Ga mai karyayyen murfi hanya ɗaya ta rage. Tun da ba za a iya tsuke ramin ba, sai a ɗaure murfin da ƙarfin da littafin injin ya tsara, a goge ramin ya ƙara faɗi da kimanin milimita 0.05 har ya koma zagaye, sannan a saka metal na musamman wanda aka ƙara wa kauri ta bayansa daidai yadda zai cike wannan ƙari. A lura da kyau, wannan dabam yake da metal ɗin da aka saba saye bayan an wasa karanshaf, wanda kaurinsa ta ciki aka ƙara. Idan aka goge ramin aka saka metal na yau da kullum, ba zai sami matsin da ke riƙe shi ba, zai juya a gidansa ya toshe hanyar mai, injin ya sake bugawa. Saboda haka wajibi ne a riƙe metal ɗin a hannu kafin a taɓa ramin, kuma ba kowane inji ake yi wa irinsa ba.

Akwai wasu sharuɗɗan da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansu ba. Kowane murfi na sandarsa ne kaɗai, kuma ta fuska ɗaya yake zama, don haka a yi musu alama kafin a kwance, domin ɗaure murfi a kan sandar da ba tasa ba, ko a juye, ko da sau ɗaya ne, yana murƙushe gargadar. Kada a ajiye fuskar a kan ƙasa ko a goge ta da buroshin waya, domin ƙwayar yashi guda da ta maƙale a tsakani ta isa ta karkatar da ramin. Kusoshin da yawancin waɗannan injuna suke zuwa da su ana ɗaure su ne har su ɗan miƙe, kuma inda littafin injin ya ce a canja su, a canja su, sannan a sake auna ramin bayan an ɗaure sababbin, da ma'auni mai agogo, a wurare da dama. Konrod ɗin da metal ya juya a cikinsa har babban kan ya yi shuɗi saboda zafi, ko wanda ya lanƙwashe bayan inji ya sha ruwa, ko wanda milimita 0.05 ba za ta share lalacewar raminsa ba, ya fita daga sahun waɗanda ake gyarawa. A irin wannan hali, da kuma inda ba a sami metal mai kaurin baya ba, sai a nemi wani konrod ɗin tare da murfinsa na asali, a auna nauyinsa ya yi daidai da na sauran kafin a rufe injin.